Kufan manoma da gonakin zamanin Rumawa a Cranborne Chase: yadda aikinmu ke tafiya

14 ga Oktoba, 2023

Yau muka sa ƙafa a wurin karo na farko da niyyar aiki, bayan mun shafe watannin zafi muna musayar wasiƙu da mai gonar da kuma jami'in da ke kula da wuraren tarihi na wannan yanki. Mu shida ne, dukanmu 'yan sa-kai, kuma wadda ke jagorantarmu wata dattijuwa ce da ta yi shekaru tana auna irin waɗannan wurare kafin ta yi ritaya. Wurin yana kan gangaren wani tudu a Cranborne Chase, ƙasar tuddan alli da ke kudu maso yammacin birnin Salisbury, inda gundumomin Dorset da Wiltshire da Hampshire suka haɗa iyaka. Mai gonar ya nemi kada mu rubuta sunan wurin, saboda masu zuwa da dare da na'urar gano ƙarfe suna tona ramuka, kuma mun ɗaukar masa wannan alkawari.

Abin da ke wurin kufai ne na wani gidan manoma da aka zauna a cikinsa lokacin da Rumawa ke mulkin Birtaniya, wato daga shekarar 43 Miladiyya, sa'ad da sojojin Sarki Claudius suka ƙetaro teku, zuwa wajen 410. Wanda ya saba da kufai a ƙasar Hausa zai zo yana neman ragowar bango, ko ramin marina, ko tsohuwar kuka, amma a nan babu ko ɗaya daga ciki. Gajeriyar ciyawa ce kawai da tumaki suka aske, sai dai ƙasar ba ta kwanta sumul ba. Akwai ɗan tudu mai zagaye kamar zobe, wanda shi ne ragowar shingen gida, akwai wurare shafaffu da aka yanka a jikin gangaren inda ɗakuna suka tsaya, akwai kuma wani kwari mara zurfi da ya ratsa tsakanin gonaki, wanda na gane tun kafin a gaya mini cewa burtali ne. Daga nan sai iyakokin gonaki, suna sauka hawa-hawa kamar matakala.

Gwamnati ta sa wurin cikin jadawalin wuraren tarihi da doka ke karewa, waɗanda adadinsu a Ingila ya kusa 20,000. Aikinmu shi ne mu zana taswirar duk abin da ido ke gani, mu rubuta halin da yake ciki, sannan mu bi iyakokin gonakin har inda suka ɓace, mu miƙa rahoto ga ofishin gunduma mai ajiye bayanan wuraren tarihi. Ba za mu haƙa ko taki ɗaya ba.

4 ga Nuwamba, 2023

Guguwar da ta ratsa kudancin Ingila a farkon wannan wata ta jiƙa ƙasa sosai, don haka muka zauna a ɗaki da kwamfuta. Hukumar muhalli ta Ingila tana auna doron ƙasa daga jirgin sama da hasken leza, hanyar da ake kira lida, kuma ta saki bayanan kyauta ga kowa. Idan aka sa hoton a kwamfuta, ana iya cire bishiyoyi, a kuma haska ƙasar daga kowace kusurwa kamar rana ce ke gab da faɗuwa, sai tudun da bai kai tsayin gwiwa ba ya yi inuwa.

Da muka ɗora layin kariya, wato iyakar wurin da doka ta kare, a kan wannan hoto, sai abin da zai zama jigon aikinmu ya fito fili. Layin ya kewaye gidan da 'yan gonakin da ke manne da shi, amma iyakokin gonakin ba su tsaya a nan ba. Sun wuce ƙarƙashin shingen waya, sun shiga babbar gonar sha'ir da ke ƙasa, suna dusashewa a hankali har ido ya daina rarrabe su. Abin da doka ta kare ɗan yanki ne na abin da manomin ya mallaka, kuma ni a ganina gidan manomi ba tare da gonarsa ba rabin labari ne.

Kallon irin waɗannan gonaki daga sama ba sabon abu ba ne. O. G. S. Crawford, jami'in tarihi na farko a hukumar taswirar Birtaniya, shi ne ya yayata su a 1923 ta hanyar hotunan jirgin sama, kuma a 1924 shi da Alexander Keiller suka yi shawagi a kan tuddan wannan yanki suna ɗaukar hotunan da aka buga a 1928. Sunan da aka laƙaba musu a lokacin, gonakin Keltawa, wato mutanen da Rumawa suka tarar a Birtaniya, ya zauna har yau ko da yake yana ɓatar da mai karatu, domin bincike na baya ya nuna cewa da yawa daga cikinsu an shata su ne tun wajen shekara 1500 kafin Miladiyya, aka ci gaba da nomansu ko aka koma musu a zamanin Rumawa. Wannan yana nufin ba za mu ɗauka cewa duk gonar da ke kusa da gidan tsararsa ce ba.

25 ga Nuwamba, 2023

Rana ta fito yau, kuma a wannan lokaci na shekara ba ta hawa sama sosai, saboda haka inuwa ta yi mana aikin da kwamfuta ta yi mana wancan karo. Mun wuni a kan gaɓoɓin gonakin, waɗanda masana a nan ke kira linchet. Na zaɓi in kira su gaɓa domin haka suke a ido, kamar gaɓar rafi da ruwa ya janye ya bari.

Abin da ya fi kama mini hankali shi ne babu wanda ya gina su. Manomi yana noman gona a kan gangare, garma tana sassauta ƙasa, ruwan sama da nauyin ƙasar kanta suna tura ta ƙasa kaɗan-kaɗan, sai ta taru a jikin shinge ko tarin duwatsun da ke iyakar gonar ta ƙasa. A ɗaya gefen shingen kuma, mai gonar da ke ƙasa yana yankar gindin gangaren duk shekara, ƙasarsa ita ma tana gangarawa. Tsakanin taruwa a sama da zaizaya a ƙasa, sai mataki ya fito. Mafi girma daga cikin namu ya wuce ƙuguna, kuma da na tsaya a gindinsa na tuna cewa kowane ɗan yatsa na tsayinsa shekarun noma ne, na mutanen da ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Rubutun Rumawa ya adana sunayen gwamnoni da kwamandoji, amma mafi yawan mutanen Birtaniya a wancan zamani a karkara suke, a gidaje irin wannan, kuma abin da suka bari shi ne wannan mataki.

Gonakin ƙanana ne, galibi daga rubu'in eka zuwa eka ɗaya da rabi, kuma sun fi kusa da murabba'i. Dalilin yana cikin garmar. Tsohuwar garmar katako da shanu biyu ke ja tana tsaga ƙasa ne kawai, ba ta juya ta, don haka sai a bi gonar a tsaye, a sake bin ta a kwance, kuma wannan ya fi sauƙi a gonar da tsawonta da faɗinta suka yi kusan daidai. An sami shaidar wannan noma na gicciye a wasu wurare, inda bakin garma ya bar zane a jikin allin da ke ƙarƙashin ƙasa. Abin da suke shukawa shi ne wata tsohuwar alkama mai ƙaiƙayi manne da ƙwaya, wadda sai an daka kafin ta saki, da sha'ir, da wake. Tumaki ne ke kawo taki, domin ƙasar alli ba ta da kauri kuma tana gajiya da wuri.

Jagorarmu ta nuna mana wani wuri da burtalin ya yanke kusurwar wata gona, alamar cewa gonar ta riga shi. Wannan ita ce shaidar farko da muka samu a ƙasa cewa ba lokaci ɗaya aka shata komai ba.

9 ga Disamba, 2023

Mun tafi gidan tarihi na Salisbury domin ganin kayan Janar Pitt Rivers, wanda ba a maganar wannan yanki ba tare da shi ba. Ya gaji ƙasar Rushmore a 1880, ya tarar da kufai birjik a cikinta, ya kuma kashe sauran rayuwarsa, har rasuwarsa a 1900, yana tono da rubuta abin da ya gani. Tsakanin 1884 da 1886 ya tona gidajen manoma biyu irin namu, Woodcutts a Dorset da Rotherley a Wiltshire, a lokacin da sauran masu tono ke neman zinariya da daɓe mai ado. Shi kuwa ya ce abin da aka fi samu da yawa ya fi abin da ba a cika samu ba muhimmanci, sai ya ƙirga fasassun tukwane, ya auna ƙasusuwan dabbobi ya kwatanta su da na dabbobin zamaninsa, ya sa aka sassaƙa siffar kowane wuri a ƙaramin ma'auni. Waɗannan siffofi suna cikin kayan da aka kawo Salisbury a 1975, kuma na daɗe a tsaye gabansu.

A Woodcutts ya sami rijiyoyi biyu masu zurfin gaske da aka haƙa cikin alli, da murhun busar da hatsi, da kuɗin Rumawa, da ɓaraguzan shafen bango mai fenti, abin da ke nuna cewa masu gidan sun samu a ƙarshen zamaninsu. Rotherley ya fi talauci. A can akwai ramukan ajiyar hatsi, da ramukan ginshiƙai hurhuɗu waɗanda aka fassara a matsayin ƙafafun rumbu, kuma duk wanda ya ga rumbu a kan duwatsu don gudun danshi da ɓera ba zai yi wuyar yarda da wannan fassara ba. An kuma sami ƙasusuwan jarirai da dama da aka binne a cikin gida. Janar ɗin ya ɗauka ƙauyuka ne ya tona, sai a 1947 masanin tarihi Christopher Hawkes ya sake duba rubutunsa ya nuna cewa Woodcutts gida ɗaya ne da aka yi ta sāke wa fasali cikin ƙarnuka. Hawkes ya iya gyara shi ne domin shi Janar ɗin ya rubuta inda aka sami kowane abu, kuma wannan shi ne ma'aunin da nake so mu riƙe a namu ƙaramin aiki.

Wani abu kuma ya haɗa shi da mu kai tsaye. Dokar farko ta kare wuraren tarihi, ta 1882, ta zo da jadawali mai wurare 68 a Birtaniya da Ailan, kuma Pitt Rivers ne aka fara naɗawa sufeton da zai kula da su. Daga wannan jadawali aka samo sunan da ake kiran irin wurinmu da shi har yau, wato wurin da ke cikin jadawali.

13 ga Janairu, 2024

Mun fara awo da tef da allon zane, muna shimfiɗa dogon layi ɗaya muna auna nisan kowane tudu daga gare shi, muna nuna gangare da ƙananan layuka masu kai kamar talibambam. Tun da ba mu so mu kafa ko turke a ƙasar da doka ta kare, da buhunan yashi muka danne kan layin. Tumaki sun ture ɗaya tsakanin fitowarmu ta farko da ta biyu, ba mu lura ba, sai da muka haɗa takardun biyu muka ga gaɓar gona ɗaya ta karye a tsakiya. Za mu sake awon ɓangaren gabas gaba ɗaya, kuma daga yanzu daga ginshiƙan shingen waya za mu riƙa ɗaura layin.

3 ga Fabrairu, 2024

An gama ɓangaren gabas, takardun sun haɗu. Yau mun juya ga lafiyar wurin, kuma akwai abin damuwa.

Ɓarnar da ta fi girma ta dabbar da ake kira baja ce, 'yar uwar dage, wadda ta haƙa gidanta a jikin shingen gidan ta arewa, inda ƙasa ta fi taushi domin hannun mutum ne ya tara ta. Farin alli da ta fitar ya taru a bakin ramukan, kuma duk abin da ke cikin wannan shinge ya hautsine. Magance ta ba abu ne mai sauƙi ba, domin ita ma akwai dokar 1992 da ke kare ta, kuma ba a taɓa gidanta sai da lasisi, wanda galibi ake bayarwa daga Yuli zuwa Nuwamba, lokacin da ba ta da ƙananan 'ya'ya a rami. Dokoki biyu ne suka haɗu a kan tudu ɗaya. Ban ga laifin ko ɗaya ba, amma na rubuta a rahoton cewa kada a bar wannan shekara ta wuce ba a nemi lasisin ba.

Sarƙaƙiyar ƙaya ta fara cin gaɓoɓi biyu na ƙasa, inda tumaki ba su cika zuwa ba. Saiwarta tana fasa abin da ke ƙasa, inuwarta tana kashe ciyawa, sannan zomaye su samu mafaka. Mai gonar ya yarda a sare ta kafin ƙarshen wannan wata, domin daga Maris tsuntsaye ke fara sheƙa, kuma za a yanke ta ne a gindi ba tare da tumɓuke saiwa ba. Akwai kuma kwamin shan ruwan dabbobi da aka ajiye a bakin burtalin, inda kofato ya mai da wurin taɓo.

A kan tarin ƙasar da wani ɗan ɓeran ƙarƙashin ƙasa ya turo, mun ga guntaye uku na fasasshiyar baƙar tukunya mai sheƙi. Jagorarmu ta ce irin wadda ake ginawa ce a kewayen tashar ruwan Poole a kudancin Dorset, tukunyar girki da ta yaɗu har ta kai wa sojojin da ke gadin ganuwar Hadrian a arewa. Mun ɗauki hoto, mun rubuta wurin, mun mayar da su inda suke.

24 ga Fabrairu, 2024

Ruwa bai ɗauke ba duk wannan wata. An sare ƙayar da hannu domin kada tarakta ta shiga ta bar sawu. Bayan aiki, mai gonar, dattijo ne da ya haura saba'in, ya shigar da mu ɗakin girkinsa, kuma na yi masa tambayar da ta daɗe a raina, wato yaushe aka fara noman babbar gonar da ke ƙasa. Ya ce mahaifinsa ne ya fasa ta a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma yana yaro yana jin ana cewa shekarun farko tarakta sai ta yi ta tsalle a kan gaɓoɓin kafin su kwanta.

Wannan ya dace da abin da aka sani. Waɗannan kufai sun rayu ne domin bayan zamanin Rumawa noma ya koma kwari, aka bar tuddai ga tumaki fiye da shekara dubu. A 1939, da yaƙi ya matso kuma ana tsoron yunwa, gwamnati ta sa tukuicin fam biyu a kan kowace eka ta makiyaya da aka nome, kuma bayan yaƙi tallafi da manyan injuna suka ci gaba da aikin. Cikin shekaru kaɗan aka shafe abin da ya tsaya ƙarnuka. Inda ya tsira da yawa shi ne filin atisayen soja na Salisbury, wanda aka fara saye a 1897, inda ƙauyuka sukutum na zamanin Rumawa irin su Charlton Down da Chisenbury Warren suke nan da titunansu da gonakinsu, domin garma ba ta shiga ba.

Ban iya ɗora wa mahaifin wannan dattijo laifi ba, domin abinci aka ce ya noma, ya kuwa noma. Abin da ya fi damuna yana cikin dokar kanta. Dokar kare wuraren tarihi ta 1979 ta hana duk wani aiki a wurin da ke cikin jadawali sai da izinin minista, wanda ake nema ta hannun hukumar Historic England mai kula da wuraren tarihi a Ingila, har kafa ginshiƙin shinge. Amma wata ƙa'ida ta 1994 ta bar manomi ya ci gaba da irin noman da ya saba yi a wurin, muddin bai ƙara zurfi ba. A takarda wannan adalci ne, amma a kan gangare ƙasa tana raguwa duk shekara, don haka garmar da ba ta ƙara zurfi ba tana cin sabon abu kowace kaka. A 2003 hukumar da ke kula da wuraren a lokacin ta bayyana cewa kusan 3,000 daga cikinsu ana nome su. Gonar da ke ƙasa da mu ko wannan 'yar kariya ba ta da ita.

Na tambaye shi, cikin ladabi, ko zai yarda ya mai da saman gonar makiyaya idan awonmu ya nuna akwai abin da ya rage. Ya ce akwai shirin gwamnati da ke biyan manomi don ya ɗauke garma daga wurin tarihi, ya san da shi, amma sai ya ga shaida, kuma sai ya yi shawara da 'yarsa wadda ita ce ke riƙe da lissafin gonar yanzu.

23 ga Maris, 2024

Ina azumi, don haka na bar wa abokan aiki jan tef, na bi jagorarmu zagayen yankin domin mu ga inda gidan ya zauna a cikin duniyarsa. An shirya babbar gonar don shukar sha'ir, kuma daga tudun da ke fuskantarta mun ga fararen layuka a kan baƙar ƙasa, daidai inda hoton lida ya nuna. Farin nan allin da garma ta tono ne daga inda gaɓoɓin suke, wato shaida ce kuma ɓarna ce a lokaci guda. Mun ɗauki hotuna da yawa kafin tsiro ya rufe su.

Daga nan muka je Ackling Dyke, hanyar Rumawa da ta tashi daga Old Sarum kusa da Salisbury zuwa Badbury Rings. A Oakley Down tana nan a ɗage, miƙe sak, har ta yanke gefen wani tsohon kabari da ya riga ta da fiye da shekara dubu. Tsayuwa a kanta ta sa na sake tunanin gonakinmu. Hatsin da aka noma a kan waɗannan matakai ba duka aka ci a gida ba. Akwai haraji, akwai sojoji, akwai birane irin Dorchester da za a ciyar, kuma a 359 Julian, wanda daga baya ya zama sarkin Rum, ya tara jiragen ruwa 600 domin kai hatsin Birtaniya ga rundunonin da ke bakin kogin Rhine. Ba nisa da nan akwai katafaren gidan gona na Rockbourne, mai daɓen ado da ɗakin wanka, wanda aka gano a 1942, inda daga baya aka tono tulu mai tsabar kuɗi 7,717. Tsakanin mai wannan gida da mai namu akwai dangantaka, ko ta mai ƙasa da ɗan haya, ko ta maƙwabta masu bambancin arziki, kuma hanyar fahimtarta ita ce a san iyakar gonar kowa.

Mun ƙare a Martin Down, inda ganuwar Bokerley ta bi kan tudu. Pitt Rivers ya tona ta daga 1888, kuma kuɗin da ya samu a ciki suka nuna an ɗaga ta a ƙarni na 4, har ta tare hanyar Rumawa. Har yau ita ce iyakar Dorset da Hampshire a wannan wuri.

27 ga Afrilu, 2024

Bayan Sallah na je ma'ajiyar takardun gunduma na duba taswirar zakkar coci ta wajen 1840, wadda ta nuna kowace gona da abin da ake yi da ita. Duk gangaren namu, sama da ƙasa, makiyaya ɗaya ce a lokacin, babu shinge a tsakani. Ke nan shingen wayar da ya raba wurin biyu sabon abu ne, kuma layin kariya ya bi shi ne kawai domin a nan garma ta tsaya.

Wata malama a wata jami'a ta yarda ta kawo ɗalibanta da na'urar da ke auna maganaɗisun ƙasa, wadda ke nuna ramuka da murhu da aka binne ba tare da tono ba. A cikin layin kariya ko wannan sai da lasisi na musamman daga Historic England, kuma mun aika takardar nema a wannan mako. A babbar gonar izinin mai ita ya isa, amma sai an girbe sha'ir.

15 ga Yuni, 2024

An kammala zanen taswirar da tawada, an kuma haɗa ta da hoton lida da hotunan Maris. Na rubuta kashi biyu cikin uku na rahoton, wato bayanin abin da ke wurin da bayanin lafiyarsa. An ɗauke kwamin ruwan daga bakin burtalin, ciyawa ta fara komawa, amma ƙayar da aka sare ta fara toho, kuma mai gonar ya ce zai ƙara yawan tumaki a wannan ɓangare bayan an yaye 'yan raguna. Ya kuma sa hannu a takardar neman lasisin bajar.

Kashi na uku, wanda zai yi magana a kan abin da ke wajen layi, ba zan rubuta shi ba sai bayan awon maganaɗisu. Abin da muke so mu sani shi ne ko burtalin ya ci gaba a ƙarƙashin sha'ir, da ko akwai ramuka ko murhun busar da hatsi da garma ba ta kai ga gindinsu ba. Idan akwai, za mu nemi a sake duba layin kariya, kuma za mu kai wa mai gonar da 'yarsa shaidar da ya nema. Ana sa ran girbi a watan Agusta, kuma tsakanin ɗauke tattaka da shigar garma kwanaki kaɗan ne, don haka na roƙi 'yar dattijon ta kira ni ranar da injin girbi ya shiga gonar, ni kuma in sanar da malamar jami'a a ranar.